Takalmin Hagu a Jikin Gawo

Akwai yabon da aka yi mini wanda ban cancanta ba, na kuma karɓa ban ce uffan ba. Yanzu da furfura ta gama da kaina, shi ne abin da na fi so a ce bai faru ba.

Duk wanda ya san hanyar Mafara zuwa Bakura da damina ya san gawon da ke bakin fadama, inda taɓo ke cire wa mutum takalmi. In ruwa ya janye, wanda ya tsinci wari ɗaya sai ya rataye shi a ƙayar gawon, don mai shi ya gani in ya biyo. Na yi shekaru ina wucewa a kan kekena ina kallonsu: silifa, na roba irin na makiyaya, har da na yara. Ba a taɓa na wani. Haka muka taso muka gani.

Wata damina ɗaya cikin shanun huɗata ya mutu, ga gero ya isa huɗa. Babu mai ara mini shanu sai surukina a Birnin Tudu, mutumin da tun da na auri ’yarsa maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. Na sa rigata mai kyau na hau keke. A fadamar nan na sauka ina turawa, taɓo ya haɗiye takalmina na hagu. Na laluba har gwiwar hannu, ban samu ba.

Na dubi gawo, na dubi hanya, babu kowa. Akwai wani na hagu, na fata, an ɗinke dunduniyarsa da zaren buhu. Ya ɗan yi mini yawa. Na ce wa kaina aro ne, in na dawo zan mayar.

Sai da na iso na tuna ai ba a zuwa gaban suruki da takalmi. Na tuɓe su nesa da zaure, na shiga na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi ruwa, ya tambayi mutanen gida, ya sake tambayar ruwa. Idonsa dai yana waje. Can ya tashi da kansa ya ɗauko na hagun, ya juya shi, ya shafa ɗinkin.

“Malam, ina ka ishe shi?”

“Ga gawon fadama, Baba.”

“Kuma ka gane nawa na.”

Ban ce e ba, ban ce a’a ba. Shi ya ƙarasa mini bayanin: wai na sa shi a ƙafa ne don kada ya faɗo daga keke, kuma wannan shi ake kira hankali. Da na kawo maganar shanu bai bari na kai ƙarshe ba, ya ce gobe za a kai mini su. Na koma gida ƙarfen feda yana cin tafin ƙafata.

Har ya rasu yana ba da labarin a wurin suna da ɗaurin aure, ina zaune ana juyowa ana kallona. Matata ta tambaye ni sau ɗaya inda nawa na hagun ya shiga. Na ce fadama. Ta ce to.

Roƙona ga mai karatu: in ka ga takalmi a itace, ka wuce abinka. In kuma aka yabe ka a kan abin da ba ka yi ba, ka faɗi gaskiya tun mai yabon yana da rai.