Saniyar Inna Hajara

Har yau ban manta ranar da aka kawo mini jinin Inna Hajara ba. Lokacin ni kaɗai ne a labo, ɗakin gwajin jini na asibiti, a Matameye, iyalina suna Tawa. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba, in ba mai miƙo kwalba ta taga ba.

Tsohuwa ce daga wajen Icirnawa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun tafi ci-rani. Wata da watanni tana zazzaɓi, ya tafi ya dawo, ga gumi da ciwon gaɓoɓi. An ɗura mata maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, har ta gaji, alhali gwaji bai taɓa nuna palu ba.

Ku yaran labo na yanzu inji ke yi muku ƙirgen ƙwayoyin jini. Mu da ido muke yi, a madubin ƙara girma, har ƙeya ta sage. Jini ƙwayoyi iri uku gare shi: jajaye, farare, da masu sa shi ya daskare in an ji ciwo. Nata duka ukun sun faɗi. Na kuma san sankarar jini ma haka take zuwa.

Na kai wa likita sakamakon. Ya duba, ya ce kafin a tayar wa tsohuwa hankali bari a ji me take ci. Ta ce haƙora sun ƙare, tuwo ya gagare ta. Saniya ɗaya gare ta, wadda marigayi ya bari. Kullum da safe sai ta tatsa ta sha da ɗuminsa, ba tafasawa. Saniyar ta yi ɓari, Inna ce ta kwashe da hannunta, amma nonon bai ƙafe ba.

Muka aika jinin Damagaram. Amsa ta dawo: burusela ce, cutar shanu wadda makiyaya ke kira bakkale, daga saniyar ta ɗauka. Tana da magani. Sai dai likitan dabbobi ya ce saniyar ba ta warkewa, dole a rabu da ita.

Makonni Inna tana shan magani, tana zuwa ina ɗibar jininta. Takan zauna a bencina ta daɗe, ni ma wallahi ba na son ta tashi. A zuwanta na ƙarshe ƙwayoyin nan duk sun koma daidai. Na fito da murnata, na ce, "Inna, jininki ya cika, kin warke."

Ta yi godiya. Sannan ta ce jiya aka zo aka tafi da saniyar.

"Ɗana, yau ma da asuba na ɗauki ƙwarya na fita. Sai da na isa turken na tuna."

Na raka ta tasha, na tsaya har motar ta cika.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. In sakamako ya yi kyau, kada ku yi saurin washe baki. Ku fara tambayar mutum wa zai tarar a gida.