Rigar Soket ɗin Tirela

Ko za a shafe mini ƙwaƙwalwa da sabulu, ranar da muka samu mulkin kai ba za ta fita ba, kuma ba don bikin ba. Ni ban ga biki ba. A gindin tirela na yini, a wani kango bayan Tudun Wada.

Lokacin ina jan motar wani Alhaji mai fataucin shinkafa, da ƙaramar tirela a baya. Birkin tirelar na wuta ne: ka ja wani hannu kusa da sitiyari, wuta ta bi waya ta shiga soket ɗin da ya haɗa mota da tirela, ƙafafun baya su kama. To ƙarshen damina sai ya fara mini iskanci, yau ya kama, gobe ya ƙi. Ina gangarowa daga Kwalkwalawa da lodi tirela ta turo ni, saura ƙiris in shiga garken shanu.

Alhaji bai ja zance ba. "Kai direba, ni ba ni biyan diyya. In gobe wagga mota ba ta da birki, aje min makulli."

"Awo, Alhaji," na ce. Ban da wannan mota ba ni da komai.

Makanikai duk sun tafi kallo. Gari ya watse, sai kiɗa da guɗa nake jiyowa daga nesa. Na duba batir, lafiya. Fis bai ƙone ba. Na bi waya taƙi-taƙi har baya, ban ga inda ta gutsure ba. Abin haushi, aikin nan na mutum biyu ne, ɗaya ya ja hannu a gaba, ɗaya ya kasa kunne a baya. Da can yayana ke ja mini. Baduku ne, bai san komai a mota ba, amma in na kira shi zai ajiye aikinsa ya hau ya zauna kamar shi ya saye ta, yana ihu, "Ta kama ko in ƙara?" Ya rasu da bazarar shekarar. Mu biyu muka rage wa iyayenmu.

Na kwance rawanina na ɗaure hannun birkin da sitiyari, na dawo baya da ƙwan fitila na gwaji. Kafin soket, ƙwai ya kawo. Bayan soket, dunɗum. Nan na zauna daɓas a ƙasa, don na san abin da ke kan soket ɗin.

Riga ce ta jar fatar akuya da Yaya ya ɗinka masa, har da 'yan tuntaye. Mu Sakkwatawa haka muke, duk abin da muke ƙauna sai mun sa masa fata: wuƙa, madubi, littafi. "Ƙura ba ta sake shigam maka," in ji shi ranar, yana ta alfahari. Ya ɗinke ta ruf, ba baki ba maɓalli. Kayan aikinsa an raba, bashi da gado sun cinye sauran. Ɗinkin hannunsa da ya rage mini a duniya ke nan.

Wallahi na nemi hanya. Na jijjiga, na bubbuga, na koma na sake zargin fis ɗin da na san lafiyarsa lau. Har la'asar ina kewaye-kewaye kamar kaza za ta yi ƙwai. Daga baya na yi bisimilla na sa wuƙa.

Fatar ta sha ruwan damina ta riƙe. Ciki jiƙe sharkaf, haƙoran soket sun yi kore shar, ɗaya ya kusa cinyewa. Na kankare su da bakin wuƙa, na goge, na mayar. Sai na ji ƙas! Ƙafafun tirela sun kama.

Na ɗaga kai na ce, "Ta kama!" da ƙarfi, wajen gaban mota. Babu kowa a kujerar sai rawanina. Ranar na yi kukan da ban yi a makabarta ba.

Makulli ya zauna hannuna shekaru masu yawa. Abin da na koya shi ne, in wanda ya so ka ya bar maka abu, ka tuna dalilin da ya sa ya yi shi. Yaya bai yi ɗinkin nan don in adana ba. Ya yi ne don in dawo gida da raina.