Baban Hon da Salansa

Yayana direban babbar mota ne tun ina firamare. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk ya yi kanta saboda riƙon sitiyari da kwance taya. Idan ya tafi sai a yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba, ranar da ya dawo kuma tun daga bakin layi za ka ji muryarsa yana tsokanar masu shago. Bai yi aure da wuri ba, sai da ya ga mu ƙannensa mun kama ƙasa. Da ya yi auren kuma haihuwa ta yi jinkiri, har masu tambaya suka gaji suka yi shiru.

Ranar da likita ya ce matarsa tana da ciki, kuma biyu ne, Yaya bai zame ko'ina ba sai kasuwa. Ina gidan tare da Ummanmu lokacin da ya dawo da kaya niƙi-niƙi: gadon jarirai mai tulin filo, ƙatuwar 'yar tsana, kekunan koyon tafiya guda biyu, motocin wasa, har da takalma masu fitila a dunduniya.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni dai jarirai na san zan haifa. Kai 'yan makaranta kake jira?"

Umma ta ɗaga takalmi ɗaya ta kai shi kusa da idonta. "Wannan kuma ina za su je da shi?"

"Umma, ai za su girma."

"To kafin su girma, a ina za a yi musu wanka? Ina tawul? Ina kunzugu?"

Yaya ya sosa ƙeya. Ko ɗaya bai saya ba.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Tiyata aka yi wa Anti, ta zubar da jini sosai, ɗinkin kuma ya daɗe bai warke ba. Likita ya hana ta ɗaukar abu mai nauyi, ya hana ta yawan hawa da sauka, ga shi a saman bene suke, ɗaki biyu da ɗan falo. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Ummanmu gwiwa ta hana ta sakat, idonta ma ya yi rauni. Ni kuma ina koyarwa, ba na tashi sai da rana. Aka duba hagu aka duba dama, babu wanda ya rage sai Yaya.

A asibitin akwai wata dattijuwar nas, gajeriya, mai gilashi rataye da igiya a wuya. Kowa Sista yake ce mata. Ranar sallama ta miƙo wa Yaya ɗaya daga cikin yaran, sai ya mayar da hannuwansa baya kamar wanda aka miƙo wa garwashi.

"Sista, hannuna ba na wannan aikin ba ne. Kada in karya shi."

"Ɗanka ne ko nawa? Zauna."

Ya zauna. Ta lanƙwasa masa hannu, ta ɗora kan yaron a gwiwar hannunsa. "Kai da wuya su ne abin kiyayewa, sauran jikin zai bi. Saki kafaɗarka, Malam Direba, ba jak ɗin mota kake dannawa ba." Kafin mu fito ta tambaye shi inda za su kwana, ya shiga ba ta labarin gado da filo da 'yar tsana yana murmushi. Ta ce duk ya kwashe. Katifa mai ɗan tauri da zanin gado kawai, a kwantar da su rigingine, kada a bar wani abu mai laushi kusa da hancinsu. Da muka isa gida ya tattara filon ya kai wa Umma ta riƙa jingina, 'yar tsanar kuma ta koma saman kabad tana kallon kowa.

Shi ya raɗa musu sunayen da har yau suka bi su. Babban, da zarar ya buɗe baki sai maƙwabta sun sani, don haka ya zama Hon. Ƙaramin ba ya kuka, sai dai ka ji abu ya fita ta baya, shi ne Salansa. Umma ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ita ma muka ji tana cewa, "Miƙo min Salansa."

Kwanakin farko an sha dariya. Kunzugun farko da ya ɗaura, gaba ya mayar baya. Yana sunkuye yana gyarawa Salansa ya tsula masa fitsari a gemu. Ya zo yanke wa Hon farce ya haɗa da fatar yatsa, ɗan jini ya fito. Yaron ya yi shiru tuni, uban yana nan yana share ido. Umma ta ce, "Haba, ƙato da kai. Ka bari sai ya yi barci, ka tura fatar baya, sannan ka yanke."

Nonon Anti bai wadaci biyu ba da fari, Sista ta ce a ƙara musu da madarar jarirai kafin ya kawo. Yaya ya ware tukunya guda ta tafasa fida kawai, ya hana kowa taɓa ta. An ce masa a ɗiga madarar a hannu a ji ɗuminta, amma nasa hannun ko shayi mai tururi ba ya ji. Sai ya koma naɗe hannun riga yana ɗigawa a cikin damtsensa, inda fata ba ta mutu ba. Ruwan wanka kuma da gwiwar hannu yake gwadawa.

Sannu a hankali ya gano kansu. Idan Hon ya tsala ihu, Anti ta rikice, sai Yaya ya ce, "Maman biyu, kwantar da hankalinki. Mota ba ta ƙara a banza, yaro ma haka." Ya duba kunzugu, ya duba ko yunwa ce, ya ɗora shi a kafaɗa yana shafa baya har ya yi gyatsa, ya taɓa ƙeya ya ji ko zafi ya dame shi. In duk ba su ba ne, to barci ne, sai ya rufe labule ya yi ta zagaya falo da shi yana kwaikwayon ƙugin inji a maƙogwaro. Abin mamaki, wannan ƙugin ya fi kowace waƙa sa su barci.

Hutun da ya ɗauka ya ƙare, mai motar ya fara kira. Yaya ya yi tafiya ɗaya, ya dawo ya tarar ɗinkin Anti ya buɗe saboda ta ɗauki bahon wanka cike da ruwa. Washegari ya mayar da mukulli. Ya samu aikin jan ƙaramar motar wata makarantar yara, ya kai su da safe, ya ɗauko su da rana, tsakani yana gida. Abokansa direbobi suka sa masa suna Mai Jego. Yana dariya idan sun faɗa, amma na sha ganinsa tsaye a taga da yaro a kafaɗa, ya kasa kunne yana sauraron wata babbar mota tana canja giya a titi. Na taɓa ce masa, "Yaya, kana kewar hanya ko?"

Ya ce, "Sosai ma, Auta. Amma hanya tana nan, ba ta girma. Waɗannan kuwa in na juya baya na dawo, wasu mutanen daban zan tarar."

Da suka fara zama da rarrafe, ya sauko da kekunan nan da ya daɗe yana ɗokin ranarsu. Ba a jima ba suka ba shi tsoro. Anti ta fita shanya ta bar ƙofa a buɗe, Hon ya tunkuɗa kekensa ya bi ta, ya nufi matakala a guje. Allah ya sa tayar ta harɗe da abin goge ƙafa, keken ya kife a bakin bene, leɓensa ya fashe. A asibiti Sista ta goge masa jinin, ta dubi Yaya ta saman gilashi.

"Keke ba ya koya wa yaro tafiya. Ƙasa ce take koya masa. Ka shimfiɗa musu abu, ka bar su su yi ta faɗuwa a inda ba za su ji ciwo ba."

Ran nan ya kwance tayoyin, ya kira kafinta ya yi ƙaramar ƙofa mai sakata a bakin matakala. Na iso na same shi yana rarrafe a falo, gwiwa da hannu, yaran na biye da shi suna ƙyalƙyala dariya.

"Yaya, lafiya?"

"So nake in ga abin da suke gani."

Ya kuwa gani. Ƙarƙashin kujera ya zaro ƙwayar magani da ƙaramin batirin agogo. Ya toshe soket ɗin da ke ƙasa, ya ɗaure kabad a bango, ya mayar da sabulu da kalanzir sama, ya kafa dokar kada a sake barin bokiti da ruwa a banɗaki. Duk zuwa allurar rigakafi kuma sai ya tsare Sista da tambayoyi, har wata rana ta ɗauko 'yar tsanar koyarwa ta nuna masa abin da ake yi idan abu ya maƙale wa jariri a maƙogwaro. Ta sa shi ya yi ta maimaitawa har hannunsa ya saba.

A ƙasan benen akwai shagon wata tela, matashiya ce, mijinta yana aiki a nesa, tana da 'yarta mai rarrafe. Wata Asabar da hantsi ina sama ina taya Anti ninke kaya, Yaya yana wanke fida, sai muka ji ihu daga shagon. Yaya ya tsallake ƙofar matakala ko sakata bai zare ba, na bi shi. Muka tarar da telar tana jijjiga yarinyar tana ƙoƙarin cusa mata yatsa a baki. Yarinyar ba kuka, ba tari, idanu sun firfito, leɓe ya fara canja launi.

"Maɓalli! Maɓalli ta haɗiye!"

Yaya ya ce, "Cire yatsanki, za ki ƙara tura shi. Kawo ta. Auta, tsayar mana da mota."

Ya zauna a kan kujerar ɗinki, ya kifa yarinyar a kan damtsensa, kanta ya yi ƙasa, ya tallafe haɓarta da yatsunsa. Da tushen tafin hannunsa ya buga tsakanin kafaɗunta. Shiru. Ya sake. Ni dai ina bakin ƙofa ina ɗaga wa motoci hannu ina waiwaye. Can sai na ji wani abu ya faɗi a siminti ya gangara, sannan kuka ya tashi. Ban taɓa jin kukan yaro mai daɗi irin wannan ba. Telar ta durƙushe tana ta godiya. Yaya ya ce, "Tashi, ƙanwata, mu kai ta a duba ta tukuna." Sai a cikin mota na lura har yanzu akwai kumfar sabulu a hannunsa.

Likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Telar ta sayi gwangwani mai murfi ta zuba maɓallai da allurai, ta kafa katanga tsakanin keken ɗinki da inda 'yarta take wasa. Bayan 'yan kwanaki ta hau sama da wani abu a leda: abin goyo ta ɗinka wa Yaya da yadi mai ƙarfi, maɗauransa masu faɗi daidai kafaɗarsa, domin na kanti duk sun yi masa kaɗan. Da shi yake fita da Salansa a ƙirji, Hon a hannu, Anti na biye da su a hankali, don a lokacin ta fara samun ƙarfin sauka.

Labari ya bazu a layi. Maza suka fara tare shi a wurin mai shayi, kowa da tasa, murya ƙasa-ƙasa: yaro ya ƙi barci, yaro yana tumbuɗi, wane irin gado za a saya. Abin da ya sani ya faɗa, abin da bai sani ba ya ce, "Wannan ta fi ƙarfina, ka kai shi asibiti yau, kada ka jira gobe." Wanda zai tafi sayayya kuwa, yakan ce masa ya tafi da matarsa, kuma ya sayi kaɗan. Har ɗaya daga cikin masu ce masa Mai Jego ya zo aron baho da gado.

Yanzu Anti ta warke sarai, tana rainon yaran maƙwabta uku a falonsu idan iyayen sun tafi aiki. Hon da Salansa sun shiga makarantar da ubansu yake jan motarta, suna zama a kujerar bayansa, kowa da bel a ɗaure. Makon jiya Sista ta aiko masa cewa tana so ya zo ranar rigakafi ya yi wa iyaye maza magana, wai sun fi jin ta bakin ɗan'uwansu. Yaya ya ce shi bai iya jawabi ba, ya yi ta zillewa. Anti dai ta goge masa riga ta rataye a ƙofa.

Ya je. Ya dawo yana cewa maza shida ne kawai suka zo, biyu ma don matansu sun tilasta musu. Amma ɗaya ya bi shi har bakin mota yana tambayar yadda ake sa yaro gyatsa, kuma ya ce zai zo da ƙaninsa wani makon.