Falalu Mai Giya

Duk unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, ba a san shi da wani suna ba sai Falalu Mai Giya. Ɗaliban da suka zo karatu daga Kano sukan yi salati in sun ji, sai an gaya musu ta mota ake nufi. Daga Gusau ya zo Hajji yana saurayi, jirgin alhazai ya koma ba shi. Shekara talatin muna maƙwabtaka.

Tsofaffin motocin Amurka yake gyarawa, Jims da Kabris, masu giyar nan da ke canja kanta. Ba ya tambayar takardun mota, tunda shi ma ba shi da nasa. Sai ya kwanta a ƙarƙashi, ya lalubi farantin man giya yana ƙirga notuna kamar mai jan carbi. In sha uku ne da kusurwa ɗaya a gutsure, ya ce mai hawa uku ce. In sha shida ne, mai huɗu.

Bara, saura kwana tara Arfa, aka jawo Jims ɗin Mukhtaru, wanda ke kai wa alhazai abinci tantuna. Wata guda ke nan da Falalu ya gyara masa giyar, ga ta ta ƙi tafiya. Kafin Mukhtaru ya iso, ya riga ya tsaya wajen masu shayi a titin Mansur ya ce tsufa ya cinye hannun Falalu. Mutumin da ba shi da shago, ba shi da allo, in sunansa ya lalace me ya rage masa?

Falalu ya zaro sandar awon mai. Maimakon ja garau, man ya koma kamar an dama madara a zoɓo.

"Ɗan nan, wa ya ba ta ruwa?"

"Wallahi Kawu, ko wanki ban kai ta ba."

"Ruwa dai ta sha. Ko ta je Jidda iyo?"

Mukhtaru ya sosa ƙeya. "Ai wannan ba ruwa ba ne. Zamzam ne, rabin kofi, don albarkar aiki."

Falalu ya daɗe yana kallonsa. "Kai ka sha, Allah ya ba ka lafiya. Ita wannan 'yar Amurka ce, yaushe ka ji ta musulunta?"

"To Kawu, a gyara mana, shi ke nan."

"Hannun ya tsufa."

Falalu, da maganar masu shayi ta riga ta iso kunnensa, ya zauna kan taya ya harɗe ƙafa. Sai da Mukhtaru ya koma Mansur, ni ina biye a matsayin shaida, ya faɗi abin da ya zuba da bakinsa, masu shayi suna ƙwarewa don dariya, sannan Falalu ya ɗauki sifana. Kwana huɗu ya yi yana sauke giyar da wanke ta.

Shinkafa dai ta isa Arfa. Mukhtaru kuwa har yau in ya wuce sai an tambaye shi ko motar ta fara azumi.