Motar da Ya Saya Hannun Amini

A garejin da ke bayan tashar Sabon Birni, wani dattijo yana zaune cikin wata farar mota, ya karkata kunne wajen inji kamar mai sauraren numfashin majinyaci. Dogo ne, gemunsa ya yi furfura, hularsa ta koɗe. Ƙafarsa ta hagu sai laluben kuloci take yi, alhali motar irin mai canza giya da kanta ce. Da gani, ya tsufa yana tuƙa mai giyar hannu, wataƙila tsakanin Isa da Turba, wannan kuwa ita ce ya saya don ya huta.

Yana sa giyar gaba, injin yana kuka, motar ba ta motsi, sai can ta zabura kamar an tsikare ta. Ya sa ta baya, haka nan.

Makaniken ya duba man giyar, ya shinshina, ya girgiza kai. "Baba, giyar nan ta daɗe da ƙonewa. Mai mai kauri anka zuba don a ɓoye. Ba ka gwada ta ba kahin ka saya?"

"In gwada motar Zayyanu? Tare anka yi muna kaciya. Da bakinai ya ce lahiya lau take."

"To, kira shi mana."

Dattijon ya kashe injin.

"In ce mishi mi? Gobe za ni suna gidanai, kuma sunana za a sa ma jaririn."