Sa Hannun Manaja

Malamin nan ya ƙi karɓar aikina ne ba don ban iya ba, har gobe kuma a kan bakana nake. Shekaru ne masu yawa da suka wuce, zamanin da naira ta kori fam, kuɗin fetur suka fara shigowa, kowane yaro ya gama sakandare yana mafarkin zama manaja.

Ni ban shiga aji ba sai da na haura talatin. Da yaƙi da jahilci na fara bayan rasuwar maigidana, na bi ajin yamma, na koyi bugun tafireta, har na samu aiki a wani ofis a Kazaure. Daga nan rigima ta ja ni na shiga karatun difiloma ta harkar kasuwanci a wata makaranta a Kano. Litinin zuwa Juma'a ina ofis, Asabar da Lahadi ina aji. Shekara uku ina haka, ni ce babba a ajin, ni ce kuma mai gyangyaɗi a layin gaba.

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi wata sana'a ya rubuta yadda kayanta ke fita daga hannun mai yi zuwa hannun mai saye. Wanda bai ci wannan ba, babu takardar shaida, sai ya maimaita shekara. Ni kuwa a wurin aiki an gaya mini ba za a sake sa mini hannu a kan izinin karatun wata shekarar ba.

'Yan ajinmu suka bazama kamfanonin lemo da na masaƙa. Ni na tafi Roni wurin mahaifiyata. Man gyaɗa take yi tun kafin a haife ni, kuma ba ita kaɗai ba. Gida goma sha ɗaya take raba wa gyaɗa, matan su soya, su daka, su matse, ita ta duba kowace garwa da hancinta da harshenta. Wanda ya ƙone ta mayar. Mai kyau ya hau mota zuwa Babura, inda mutanen Nijar ke jiran nata, ba sa ma buɗe murfi.

Da na zauna gabanta da biro, dariya ta yi.

"Ke da kika yi rarrafe cikin tunkuza, yau ni kike tambaya yadda ake mai?"

"Inna, makaranta ce ta ce."

"To rubuta. Allah ya sa su iya."

Na buga shafi arba'in da hannuna, a lokutan da ake tashi sallah da cin abinci. Na kai.

Malamin matashi ne, bai daɗe da dawowa daga Turai ba, na ma kusa haifar kamarsa. Ya kira ni ofishinsa ran Lahadi, ya turo mini aikin da jan biro a kai.

"Hajiya, Turancinki ba laifi. Amma wannan ai ba kamfani ba ne. Aikin mata ne na cikin gida."

"Malam, man da ake soya maka nama daga ina yake zuwa?"

"Ba gardama muke ba. Ƙa'ida ta ce a haɗo da wasiƙa mai sa hannun manajan wurin. Ina manaja a nan? Kina da mako biyu, ki nemi kamfani na gaske."

Na fito ina huci. Mako biyu, ina aiki Litinin zuwa Juma'a, wane kamfani zai buɗe mini ƙofa ran Asabar da yamma?

Ran Litinin a ofis na kasa buga layi ɗaya ba kuskure. Abokin aikina, wani akawu Kirista mutumin Binuwai da ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasu, ya ce in ba shi takardar ƙa'idar ya gani. Ya karanta sau biyu.

"Yaya, sun ce manaja. Ina suka ce sai mai kwat?"

"Kai dai ka faye wasa."

"Wa ke ɗaukar matan aiki? Wa ke korar mai ƙona mai?" Ya buɗa shafin farko na aikina. "Kuma me ya sa kika rubuta ‘wata mata a Roni’? Ba mamanki ba ce?"

Shafi arba'in, ban faɗi ko sau ɗaya cewa ita ta haife ni ba. Ina ta zagin yaron mutane a raina don ya raina sana'ar, ashe ni na riga shi. Kunya nake ji 'yan aji su san da ƙuli-ƙuli aka raine ni.

Takardar shaidar tana rataye a ɗakina yanzu, ta yi ja don tsufa. Malamin ma na yafe masa, ko da yake har yau ban yarda yana da gaskiya ba. Abin da ban gama yafewa ba shi ne "wata mata" ɗin nan. In na ga yarinya ta yi karatu tana ƙasa da murya wurin faɗin sana'ar uwarta, ba na mata faɗa. Na san ciwon daga ciki.

A ranar Litinin ɗin nan na sake buga shafin farko, na buga wasiƙa, na nemi izinin rabin wuni, na ari kushin tawada na ofis. Washegari na hau motar farko zuwa Roni. Na tarar da Inna tsugune tana shinshina garwa. Na kama babban yatsanta na goge masa mai da bakin mayafina.

"Me aka rubuta a ciki da zan dangwala?"

"An ce ke ce manaja."

Ta dube ni sheƙeƙe, ta danna yatsan a tawada.

"To, da wace ce in ba ni ba?"