Na Kulle Kawu Na Tafi Neman Maganin Chana

Unguwar Faisal, 9:40 na safe

Da gudu na sauko daga hawa na huɗu, kwalbar da ba komai a hannuna, makulli a aljihu. Kawu Sale, ƙanin Innata da nake zaune wurinsa a Alƙahira, na baro shi a katifa yana ta gumi, ya dafe ƙirji. Ƙwayoyinsa ne suka ƙare, 'yan mitsi-mitsin nan na ganyen Chana masu warin kafur da yake sawa ƙarƙashin harshe. Na ce mu je asibiti, ya ce takardar zamansa ta mutu shekara biyu, ba zai kai kansa ba.

"Je ka unguwar Darrasa wurin Malam Yunus. Ka kulle ni ta waje, kar maigadi ya leƙo ya kira min motar asibiti."

Ni da na bar makaranta a aji uku saboda taurin kai, ban taɓa iya yi wa Kawu musu ba. Na murza makulli sau biyu.

Tashar Ataba, 10:35

Jirgin ƙarƙashin ƙasa bai ɓata min lokaci ba, minti ashirin. Ina fitowa 'yan sanda suka tare ni. Fasfo. Ɗaya ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi. Minti ashirin da biyar ina tsaye jikin bango kafin ya ce, "Yalla, wuce." Na faɗa ƙaramar bas, muka ja jiki kamar ana tura mu.

Darrasa, 11:30

Malam Yunus ɗan Chana ne, musulmi, ɗalibi, yana sayar da taliya a wani lungu bayan shagunan littattafai. Larabcinsa na littafi, nawa na titi, amma ya gane kwalbar.

"Tun yaushe ciwon?"

"Tun bayan asuba."

"Ya sauka hannu?"

"Na hagu, har muƙamuƙi."

Ya ajiye ludayin. "Ɗan'uwa, a garinmu ana sa wannan a baki ne ana kan hanyar asibiti. Na faɗa wa kawunka ya fi sau uku. Wa ke tare da shi?"

Na taɓa aljihuna, inda makullin yake.

Ya danƙa min kwalba biyu, ya tare min tasi da kansa.

Kan gada, 12:20

Na kira Kawu sau tara, ba a ɗauka. Na kira maƙwabcinmu Usman, Bahaushen Sudan. Ya hau ya buga, ya ce ya ji motsi, daga baya shiru. Ƙofar ta ƙarfe ce, ya tafi neman mai walda. Motoci sun cushe, direba yana ta ce min ma'alish, wato in yi haƙuri. Na sauka na yi gudu wajen kilomita biyu.

Faisal, 1:15

Na riga mai waldar isowa. Makulli ya buɗe, ƙofa ta ƙi turuwa. Sai da ni da Usman muka sa kafaɗa. Kawu ne a bayanta, ya rarrafo tun daga katifa, takalmi ɗaya a ƙafarsa.

Allah ya saka wa Usman da alheri, shi ya yi komai. Bayan la'asar na rubuta wa Inna:

"Inna, Allah ya yi wa Kawu rasuwa yau. A bakin ƙofa muka same shi, ya so fita. Ni na kulle ta. Ki faɗa wa matarsa Anti Rabi da yara, ni ba zan iya ba."